RAINON JARIRI A ƘASAR ZAFI

A cikin watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kai maƙura, zafin rana a birnin Maiduguri yakan haura digiri 40 a ma'auni kusan kowace rana. Kafin azahar kowa ya nemi gindin dogon yaro ya fake, masu sayar da ruwan sanyi kuwa kasuwarsu ta buɗe. A irin wannan yini, idan jariri ɗan wata biyu ya tsala kuka a ɗaki, maganar da za ta fara fitowa daga bakin kakarsa ita ce, "Ƙishirwa yake ji, a ɗiga masa ruwa." Tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Da haka aka raine ta, da haka kuma ta raini nata 'ya'yan. Amma binciken likitoci ya tabbatar da cewa wannan ɗigon ruwa na tausayi yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da cuta take bi ta shiga jikin jarirai.

An ɗauki Maiduguri domin misali a wannan ƙasida saboda dalili biyu. Na farko, idan nonon uwa kaɗai ya wadatar da jariri a zafin Maiduguri, to babu inda ba zai wadatar da shi ba a duk faɗin Nijeriya. Na biyu, birni ne da ya tara Barebari da Shuwa da Hausawa da Fulani da Babur da Margi, kowa da irin al'adarsa ta haihuwa da jego, saboda haka abin da aka faɗa a kansa zai yi wa iyaye amfani ko a Kano suke, ko Sakkwato, ko Sabo ta Ibadan.

Sa'o'in farko

Da zarar an haifi jariri, abin da ya fi bukata shi ne ɗumi da nono. Ya kamata ungozoma ta goge jikinsa da tsumma mai tsabta har ya bushe, ta ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ta lulluɓe su tare, sa'an nan a sa masa nono a baki kafin awa ɗaya ta cika. Wanka ba abin gaggawa ba ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta wankan farko har sai an yi awa 24, domin jikin jariri bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Mutanen ƙasar zafi sukan manta da wannan, alhali kuwa a watan Disamba da Janairu sanyin asuba a Maiduguri yakan sauko ƙasa da digiri 15, jaririn da aka wanke a tsakar gida a irin wannan lokaci yana iya sanƙamewa kafin a naɗe shi.

Ruwan nonon da yake fara zuwa, mai kauri, mai launin rawaya, shi ake kira daƙashi. A wurare da yawa akan tatse shi a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa bai wa jariri ruwan ɗumi ko zuma ko man shanu ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. A wasu gidajen har gwada nonon ake yi da tururuwa, in ta mutu a ciki a ce nonon ba shi da kyau. Duk wannan kuskure ne mai tsada. Daƙashi cike yake da sinadaran kariya waɗanda jikin uwa ya tanada domin yaƙi da cututtukan da ke cikin gidan da za a raini yaron. Shi ne kuma yake wanke baƙin kashin farko daga hanjinsa, ya rage masa haɗarin shawara. Ƙanƙantarsa kada ta dami kowa, gama cikin jariri a ranar farko bai ɗaukar abin da ya fi cokalin shayi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Zuma kuwa, ko da yake magani ce ga manya, ba a bai wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba, domin takan ɗauko ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai iya kashe ta ba.

Jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini, yana bukatar ƙarin kulawa. Akwai dabarar da likitoci suka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, sa'ad da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu ƙaranci: a ɗaure jariri a ƙirjin uwarsa, tsakanin nonuwanta, fata da fata, dare da rana, da hula a kansa. Goyo ne dai irin wanda kowace mace ta sani, sai dai an mai da shi gaba. Uba ko kaka suna iya karɓarta idan ta gaji.

Cibiya da askar wanzami

Cibiya rauni ce a buɗe, kuma hanyarta ta miƙe har cikin jinin jariri. Toka, ko kashin shanu, ko man goge baki, ko gashi da tsumma mai datti, duk suna iya shigar da ƙwayar tsinkau-tsinkau, watau ciwon da yake sandarar da jikin jariri har ya kasa buɗe baki ya kama nono, wanda kuma da wuya wanda ya kamu da shi ya tashi. Abin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da shi shi ne wani man shafawa mai suna kulohekzidin. A wanke hannu da sabulu, a shafa shi sau ɗaya a yini, a bar cibiya ta sha iska. Takan faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, ba a jan ta.

Ranar suna ranar farin ciki ce, kuma aski da yanka ragon suna ba su da wani aibu ga lafiya matuƙar askar sabuwa ce, ba a taɓa kowa da ita ba. Inda matsala take shi ne cire beli, wanda wasu ke kira hakin wuya. Kowane ɗan Adam da belinsa aka halicce shi, ba ya hana shan nono, ba ya toshe maƙogwaro. Yanke shi yana jawo zubar jini, jinin da ke jikin jariri kuwa gaba ɗaya bai kai cikin kwalbar lemo ɗaya ba, kaɗan in ya zuba ya yi ɓarna. Ban da haka, zafin raunin yakan hana yaro kama nono kwana da kwanaki, aska ɗaya kuma in ta zaga gidaje tana iya yaɗa ciwon hanta. Haka nan tsagar magani da kaciyar 'ya'ya mata, babu amfanin da suke yi wa lafiya, sai cutarwa.

Batun ruwa

A nan ne gardama ta fi yawa, saboda haka ya kamata a tsaya a yi bayani filla-filla.

Idan aka kasa nonon uwa kashi ɗari, wajen kashi 87 ruwa ne. Wanda yake fara fitowa idan jariri ya kama nono ya fi tsinkewa, shi ne mai kashe ƙishirwa. Wanda yake biyo baya ya fi maiƙo, shi ne mai ƙosarwa da sa ƙiba. Saboda haka jariri da kansa yake daidaita abinsa: ranar da zafi ya tsananta yakan nemi nono sau da yawa, ya ɗan tsotsa ya saki, kamar yadda babba yake yawan zuwa bakin randa. Likitoci sun auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a lokacin tsananin zafi a ƙasashe irin su Indiya da Fakistan, suka tarar jikinsu bai rasa ruwa ba. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara cewa a shayar da jariri nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo, sai dai maganin da likita ya rubuta da ɗigon riga-kafi. Wannan ita ce manufar Gwamnatin Tarayya.

Ɓarnar ruwa iri uku ce. Cikin jariri ƙarami ne, duk wurin da ruwa ya cike nono ya rasa shi, ruwa kuwa ba ya gina jiki. Sa'an nan nono tsotso ne yake kawo shi, idan yaro ya rage tsotso sai nonon ya ja baya, uwa ta ce ba ta da isasshen nono, a ƙara masa ruwa da kunu, nonon ya ƙara janyewa. Ta uku ita ce mafi muni. Ruwan da aka saya wurin mai kura, ko aka ɗebo a rijiya, ko ya kwana a randar da kowa yake tsoma moɗa, yana iya yin garau a ido amma yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa. Babba ya sha ya tashi lafiya, jariri kuwa gudawar yini ɗaya ta isa ta tsotse shi.

Mutanen Maiduguri sun ga abin da gurɓataccen ruwa yake yi. A 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage da ke bakin gari. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya haɗe masai da rijiya. Kafin wata guda ya cika Gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓullar kwalara. A irin wannan hali, sa'ad da babu itacen tafasa ruwa, babu tukunya mai tsabta, jaririn da bai san komai ba sai nonon uwarsa shi ne kaɗai mutumin gidan da abincinsa da abin shansa ba su taɓa ruwan ambaliya ba.

To, ta yaya uwa za ta sakankance cewa ɗanta ba ya jin ƙishirwa? Fitsari shi ne shaida. Jaririn da ya wuce kwana biyar da haihuwa, idan yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin kuma fari ne ba ja ba, to ruwan jikinsa ya isa. Wadda take bukatar moɗar ruwa a kusa da ita ita ce uwar. Ta sha duk lokacin da ta ji ƙishirwa, ta sa yaro a nono duk lokacin da ya nema, sau takwas zuwa goma sha biyu a awa 24, har da tsakar dare. Ta bar shi ya gama da nono ɗaya kafin ta juya shi ga ɗayan. Ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nono. Yawancin tsagewar kan nono da mata suke kuka da ita daga rashin kyakkyawan kamu take.

Macen da take zuwa aiki ko kasuwa tana iya tatsar nono a kofi mai murfi wanda aka wanke da sabulu, a ajiye shi a wuri mafi sanyi a ɗaki, a bai wa yaro da ƙaramin kofi kafin awa huɗu. Bulumboti yana da wuyar wankewa, ƙwayoyin cuta kuma suna son maƙalewa a robar bakinsa. Madarar gwangwani tana da ranarta, ga maraya ko yaron da likita ya ga dalili, amma ba ta kai nonon uwa ba, ga tsada, har yakan sa a riƙa tsinka ta da ruwa domin gwangwani ya yi auki, yaro ya rame. Domin haka ne ƙasashen duniya suka kafa ƙa'idar hana tallata ta barkatai a 1981, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. Uwa mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ita ma nono zalla ake so ta bayar, muddin tana shan maganinta kullum bisa shawarar asibiti.

Har yanzu da sauran aiki. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai ɗari 'yan ƙasa da wata shida, 29 ne kawai suke shan nono zalla a Nijeriya. Matan Nijeriya ba su ƙi shayarwa ba, kusan kowace uwa tana ba da nono. Ruwan nan da ake haɗawa da shi ne ya rage lissafin.

Katin awo

Ido yana ruɗi. Uwar da take ganin ɗanta kullum ita ce ta ƙarshe da za ta lura ya daina ƙaruwa. Wannan ne ya sa ake auna jarirai a sikeli kowane wata, a ɗiga nauyinsu a kati. Mutane da yawa ba su san cewa a Nijeriya aka ƙago wannan kati ba. Wani likitan yara Bature mai suna David Morley, wanda ya fara aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a 1956, shi ya tsara shi, ya kuma nace a kan cewa a hannun uwa katin zai zauna, ba a kabad ɗin asibiti ba. Daga nan ya bazu ko'ina a duniya.

Yawancin jarirai ana haifarsu da nauyin kilo biyu da rabi zuwa kilo huɗu, tsawonsu wajen santimita 50. A kwanakin farko nauyin yakan ɗan ragu, har kusan kashi ɗaya cikin goma, wannan ba abin tsoro ba ne, kafin mako biyu ya komo. Daga nan sai hawa: a watanni uku na farko lafiyayyen jariri yakan ƙara giram 150 zuwa 200 kowane mako. Tsakanin wata huɗu da wata shida ya ninka nauyin haihuwarsa, in ya shekara ya kusa ninka shi sau uku, tsawonsa ya kai wajen santimita 75.

Amma ba a gwada yaro da ɗan maƙwabta. Wani ƙaramin jiki ya gada, wani babba. Abin dubawa a kati shi ne inda layin ya nufa. Idan yana hawa wata bayan wata, madalla. Idan ya miƙe bai hau ba wata biyu a jere, akwai abin da ke faruwa, ko nono ba ya isarsa saboda an cika shi da ruwa, ko wata cuta tana cinsa a ɓoye. Idan ya sunkuya ƙasa, ranar nan ya kamata likita ya gan shi. Ana yin wannan awo a ɗakunan shan magani na unguwanni, ba sai an je Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu ba. Manufar kai lafiya kusa da jama'a, wadda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ƙarfafa sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ke nan: ƙananan abubuwa a gama su a unguwa, manyan asibitoci su ji da masu tsanani. A adana katin a cikin leda, a wurin da ruwa da gara ba za su kai gare shi ba.

Yinin jariri

Sabon jariri yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma guntu-guntu, bai san bambancin dare da rana ba sai wajen wata uku. A kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin tsummoki kusa da fuskarsa. Kwanciyar rub da ciki tana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Kowane dare ya kwana cikin gidan sauro mai magani tare da uwarsa, da rani da damina. A jihohin Arewa, har da Borno, ma'aikatan lafiya sukan bi gida gida da damina suna ba da maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. A karɓa, a kuma cika kwanakin shan kamar yadda suka faɗa.

Tufafi su bi yanayi. Da bazara riga ɗaya ta auduga ta isa, naɗe jariri cikin shawul da hular ulu a watan Afrilu shi ke kawo ƙuraje da zafin jiki. Da hunturu a rufe masa kai da ƙafa, a shafa masa mai, a yi masa wanka da hantsi bayan rana ta ɗaga.

Maiduguri ta yi suna a turaren wuta, ɗakin mai jego kuwa ba a raba shi da kasko. Ƙamshi abin so ne, amma huhun jariri ɗanye ne, hayaƙi kowane iri, na turare ko na itace ko na taba ko na maganin sauro, yana buɗe hanyar tari da limoniya. A turara ɗaki sa'ad da yaro yake waje, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a komo da shi. Kwallin gargajiya na dutse ma akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, gara a haƙura da shi.

Goyo gado ne mai kyau. Yaron da ke bayan uwarsa yana jin ɗuminta da muryarta, kukansa kaɗan ne. Sai dai a watannin farko a tallafe masa wuya da majanyi, a tabbata hancinsa a sarari yake, kada kuma a bar wa ƙaramar yarinya goyonsa kusa da murhu. A riƙa yi masa magana da wasa da tawai tun yana ɗan kwanaki, domin ta kunne harshe yake shiga. Wajen mako shida zuwa takwas zai fara murmushi idan an dube shi. A wata uku zuwa huɗu wuyansa ya tsaya, yana bin mutum da ido, yana gwalan-gwalan. Tsakanin wata huɗu da shida yakan fara juyawa, daga nan barinsa shi kaɗai a bakin gado ya zama ganganci. Zama yakan zo wajen wata shida zuwa takwas. Wani yaro yakan riga wani, amma wanda ya kai wata uku ba ya firgita da ƙara, ko ba ya bin haske da ido, a kai shi a duba.

Riga-kafi

Ranar haihuwa, ko cikin kwanakin farko, ana yi wa jariri allurar B.C.G. ta tarin fuka a dantse, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna a baki. Sa'an nan a komo da shi sau uku: yana mako 6, da mako 10, da mako 14. A waɗannan zuwan ne ake yi masa allurar nan mai haɗe da kariya biyar, wadda aka shigo da ita a 2012, mai tsare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da limoniya. Ana haɗa masa da ta limoniya, da ta shan inna, da ɗigon riga-kafin gudawa wanda aka fara bayarwa a 2022. A wata tara sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata goma sha biyar. Duk kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na yini ɗaya ko biyu alama ce jiki ya karɓa. Wanda ya makara ba a sake masa daga farko, daga inda ya tsaya ake ci gaba.

Jihar Borno ta san darajar wannan aiki. A nan ne aka ga yaran ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta shanye a Nijeriya, a 2016, a ƙananan hukumomi irin su Jere da Gwoza, inda tashin hankali ya hana masu riga-kafi shiga shekara da shekaru. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗigon domin akwai wani nau'in ƙwayar da yake yaɗuwa a inda yara da yawa ba su sami riga-kafi ba. Annobar mashaƙo da ta kashe yara a Kano da Yobe da Borno a 2023 ta fi kama waɗanda ba a taɓa yi musu allura ba.

Alamun da ba a kwana da su

Ciwon jariri ba ya jiran gari ya waye. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana sanƙarewa, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko idonsa da tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi rawaya, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Numfashi ma ana ƙirga shi: ga ɗan ƙasa da wata biyu, sau 60 ko fiye a minti ɗaya haɗari ne, daga wata biyu zuwa shekara kuwa sau 50, balle in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa. Maɗigar da ta faɗa alama ce ruwan jiki ya ƙare, yawanci saboda gudawa, ba a manna mata magani, ruwan ake mayarwa. A ƙara yawan nono, a nufi asibiti, can za a ba da haɗin gishiri da sukari na cikin fakiti da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa goma sha huɗu. Sayen magani a kemis domin jaririn da bai kai wata biyu ba ɓata lokaci ne da ba a da shi.

A nan nauyi yana kan maigida. Sau da yawa mace takan ga alamar tun da safe, amma ta zauna jiran izini ko kuɗin Keke Napep har dare. Ya kamata tun kafin haihuwa maigida ya ba da izini a fili cewa duk ranar da aka ga irin waɗannan alamu a tafi ko ba ya nan, ya kuma ajiye kuɗin mota a hannunta.

Ita ma mai jego abar dubawa ce, a rana ta farko, da ta uku, da cikin mako na biyu, da mako na shida. Ta ci ta ƙoshi, a rage mata aiki har ta yi arba'in. Wanka da ruwan ɗumi yana da daɗi ga jiki, amma tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jegon da suke haɗa wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, asibiti take bukata.

Idan wata shida ya cika

Daga nan nono kaɗai ba ya isa, sai a fara ƙari, a kuma fara ba da ruwan da aka tafasa ya huce, a kofi. Nono dai ba a daina shi ba, ana so ya kai shekara biyu, adadin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a Suratul Baƙara. Tsinkakken koko ba abinci ba ne, kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali. A haɗa gero ko dawa da gyaɗa da waken soya a soya a niƙa, a riƙa sa garin busasshen kifi irin wanda ake kawowa daga Baga, ko ƙwai, ko wake da aka dafa ya yi luguf, da ɗan manja, da garin zogale ko kabewa. A fara da cokali biyu ko uku sau biyu a yini, a riƙa ƙarawa har ya kai sau uku zuwa huɗu a wata tara. Yaro ya sami kwanonsa shi kaɗai domin a san abin da ya ci, mai ba shi kuma ta wanke hannu da sabulu.

A wannan wata ne ake ɗiga masa sinadarin bitamin A na farko, a kuma fara auna dantsensa da tsiri mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, kuma akwai cibiyoyin da suke maganinta kyauta a Maiduguri da sauran garuruwan jihar. A wurare da yawa ma'aikatan lafiya suna koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, su riƙe tsirin a gida tare da katin.